Courier V.Everything: tsohon modem mai jure layi mara kyau

Wannan modem na kamfanin USRobotics, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya, ba ya saurin yanke kira ko layin waya na ƙara, abin da ya fi burgewa ke nan. Yana matse bayanai don su yi saurin wucewa, da tsarin V.42bis, har ninki 4 a kan rubutu zalla, ko tsarin MNP5 mai ninki 2. MNP5 kam ku guje shi: fayil ɗin ZIP da aka riga aka matse, kumbura shi yake yi. Umarnin AT&K3 da ake tura wa modem ɗin daga kwamfuta na kashe MNP5, ya bar V.42bis.

Sa saurin tashar kwamfuta (serial port, inda ake jona modem) a bit 115200 a daƙiƙa, ka kunna umarnin AT&H1 da AT&B1. Na farko na sa modem ya dakatar da kwamfuta in bayanai sun yi masa yawa, na biyu na tsayar da saurin tashar wuri ɗaya. In kwamfutar ba ta da UART 16550, wato ɗan ƙaramin sashen da ke kula da wannan tashar, haruffa za su riƙa zubewa a hanya. Tsada dai ya yi ta a zamaninsa.