Mai ja da hannu ko mai sarrafa kanta: wadda zan ce ka saya don agwagwa da dinya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin bindigogi biyun da ka ambata don farautar agwagwa da dinya a nan jihar Minesota ta Amurka, wato mai ja da hannu da mai sarrafa kanta, ka sayi mai ja da hannu, geji 12 (ma'aunin faɗin ramin bututu ke nan), mai cin harsashi inci 3, kuma bututunta ya kai inci 28.

Tawa Remington 870 ce, ƙirar da aka fara fitarwa tun 1950, kuma a hannun wani dattijon manomi na saye ta bayan ta riga ta sha jiki. Abin da ya sa na riƙe ta ya faru ne wata asuba a watan Nuwamba, a bakin wani tafki da ke yammacin jihar, lokacin da ƙanƙara ta fara kama gefen ruwa. Ina ratsa kacala a cikin duhu sai santsi ya kwashe ni, bindigar ta nutse cikin taɓo har gindinta. Na koma tudu yatsuna suna karkarwa, na kwance murfin gaba, na zare bututun, na leƙa shi da tocila na zura sanda har sai da na tabbatar babu abin da ya toshe shi, sannan na goge cikinta da gefen rawanina na mayar. Gari na wayewa garken agwagi masu koren kai ya sauko, na harba sau biyu, kowane kwanso ya fita tsaf ba gardama. Bindigar da hannunka ne ke tura mata harsashi ba ruwanta da sanyi ko datti, matuƙar ka ja ta har ƙarshe. Wannan ne kaɗai abin da za ka koya, domin sabon hannu yakan ja rabi saboda ɗoki, harsashi ya maƙale. Ka je filin gwaji ka harbi faifan yumɓu kwali uku ko huɗu kafin a buɗe kaka, hannunka zai saba.

Mai sarrafa kanta kuwa, gaskiya ne ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma harbi na biyu yana zuwa da sauri. Na taɓa sayen wata mai araha mai cin inci 3 da rabi, ta riƙa cijewa duk ranar da sanyi ya tsananta, na sayar da ita da asara. Masu kyaun cikinsu suna aiki, amma kuɗinsu ya ninka na mai ja da hannu, alhali doka ta daidaita su: harsashi uku kacal aka yarda bindiga ta ɗauka a farautar tsuntsayen ƙaura, ɗaya a ɗaki, wato inda harsashi ke zama a harba shi, biyu a rumbu, inda sauran ke jira, kuma dole a sa toshiya a rumbun don kada ya ci fiye da haka.

Batun harsashi ya fi na bindiga muhimmanci a wurina. Tun 1991 aka haramta harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin Amurka, saboda agwagi suna tsintar ƙwayoyin da suka zube a ƙasan ruwa su haɗiye, gubar ta kashe su. Ko a aljihunka aka samu harsashin dalma a wurin farautar, laifi ne. Abin da ya rage maka shi ne ƙarfe ko bismut, wani ma'adini da ake yin ƙwayar harsashi da shi a madadin dalma. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka ƙarfinsa yana saurin karyewa a iska, shi ya sa ake ƙara girman ƙwaya da mataki biyu a kan abin da aka saba. Ka ɗauki ƙwaya lamba 2 ko 3 don agwagwa, ka ɗauki BB, wadda ta fi su girma, don dinyar Kanada, wadda gashinta ke da kauri kamar bargo kuma babba a cikinsu takan kai kilo 5, ba ta gaza dinyarmu ta fadamar Haɗeja ba. Bismut ya fi ƙarfe nauyi da taushi, yana da amfani ga mai tsohuwar bindigar gado da ƙarfe zai iya lalata wa baki, sai dai tsadarsa za ta hana ka yawan gwaji, kuma gwajin ne ke kawo nama gida. Ka tsaya a kan ƙarfe.

Cok ɗin da ake murɗawa a bakin bututu don daidaita yadda ƙwayoyi ke bazuwa, ka sa matsakaici. Ƙwayar ƙarfe ba ta lotsewa, tana fita a dunƙule, saboda haka matsattsen cok ba ya ƙara maka komai, yana ma iya kumbura bakin idan ƙwayar manya ce. Ka kafa babbar takarda a yadi 35 ka harba ka ga yadda ƙwayoyin suka bazu, kuma kada ka harbi tsuntsun da ya wuce yadi 40, domin raunata shi kawai za ka yi ya je ya mutu a inda ba za ka same shi ba. Ka yi bisimilla lokacin da za ka ja kunama, wuƙarka kuma ta kasance a kusa don wanda ka tarar da sauran rai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da ta hannu. Akwai mai ce maka bindigarsa tana cin inci 3 alhali a jikin bututun an buga 2¾, kuma dogon harsashi zai shiga ɗakin lafiya lau, sai an harba ne haɗarin zai bayyana. Ka karanta tambarin da idonka, ka shafa bakin bututun da yatsa ko akwai kumburi, ka duba ko toshiyar tana ciki. Wanda ya ce ka fara tura kuɗi kafin ka ga kaya, ka rabu da shi, ka bi ta shago mai lasisi ko da zai ɗan fi tsada. Rarar kuɗin da ka samu ka sayi wandon shiga ruwa mai ɗumi, lasisin jiha, da kan sarkin agwagwa na tarayya, wato izinin farautar tsuntsayen ruwa na gwamnatin Amurka, wanda yake dala 25 kuma sai ka sa hannu a fuskarsa kafin ya yi aiki.