Rage ƙiba a Legas: me ya kamata ka saya, me ya kamata ka bar wa mai shi

Duk wanda ya ƙudiri niyyar rage ƙiba a Legas, tun bai taka ko'ina ba 'yan kasuwa sun tare shi. A cikin motar haya ga mai tallan shayin narkar da tumbi, a WhatsApp ga mai ɗamarar matse ciki, gidajen motsa jiki na neman kuɗin shekara a dunƙule, ga kuma allurar da ake ta yayatawa. Aljihu ba zai ɗauki duka ba, kuma ba duka ne ke aiki ba. Ma'aunin da muka ɗora kowanne a kai guda ne: za ka iya ɗorewa da shi wata shida zuwa shekara, duk da gosulon garin nan da zafinsa da ɗaukewar wuta?

Sayayyar farko ita ce mafi araha: tef irin na tela da sikelin awon jiki. Ka auna ƙugu a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba. Abin da ake so shi ne kada ƙugu ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Akwai kuma lissafin BMI, inda ake raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 zai samu 31. Daga 25 an shiga yawan nauyi, daga 30 ƙiba ce sosai. Sikeli kuwa, na dijital mai nuna kilo kawai ya wadatar. Masu tsadar nan da ke cewa suna auna kitsen jiki, lambarsu na sauyawa da yawan ruwan da ka sha, don haka ƙarin kuɗin bai da amfani. A ajiye shi a kan siminti ko tayil, ba kan kafet ba, a hau sau ɗaya a mako da safe bayan an zaga, kafin a ci komai. Saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce tafiyar da ke ɗorewa. Kuma ba sai an rame ba ake ganin amfani: sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4.5 zuwa 9 ga mai kilo 90, yana taimaka wa hawan jini da sukarin jini a fili.

Mafi yawan aikin a tukunya yake, kuma a nan ne aka fi yaudarar mai saye. Za a ce maka ka bar shinkafa ka koma acca, ko shinkafar ofada, ko tuwon garin alkama da ake sayarwa a leda. Waɗannan abinci ne masu kyau, wasunsu sun fi farar shinkafa dusa da riƙe ciki, amma ƙarfin kalorinsu, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, kusan ɗaya ne da nata. Wanda ya bar malmala uku ta tuwon shinkafa ya koma malmala uku ta alkama ya ƙara kashe kuɗi ne kawai, sikeli ba zai motsa ba. Haka zuma da sukari: jiki na lissafa su a layi ɗaya. In da hali a sayi acca don daɗinta, in babu, gero da dawa da masarar da aka saba da su sun isa, matuƙar an rage yawa. Tsarin faranti mai sauƙi shi ne rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kwatar tuwo ko shinkafa ko doya, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka.

Abu biyu ne ke shiga ciki ba a lura ba: mai da abin sha. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, alhali na sitacin da ke cikin hatsi ko furotin da ke cikin nama 4 ne. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, kuma man zaitun mai tsada ma haka yake. Uwargidan da ke tsiyaya mai daga galan kai tsaye cikin tukunya, har ya taso ya kwanta a saman miya, tana iya zuba cokali goma ba ta sani ba. Gyaran bai buƙatar sayen komai: a ware cokali guda na awo, a ƙidaya, a kwashe man da ya taso kafin a zuba wa kowa. Wake ɗaya ne, amma alale da dafaffen wake sun fi ƙosai sauƙi nesa ba kusa ba, saboda ƙosai ya sha mai. Awara ma haka, in aka soya ta a mai mai yawa an kashe rabin amfaninta ga mai neman ragewa.

A ɓangaren sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan giram 50 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya ta santilita 50 mai cikakken sukari ta kusa cinye wannan kason gaba ɗaya. Lemon malt da ake ɗauka abin gina jiki ne bai fi shi sauƙi ba. Zoɓo da kunun aya da fura da nonon da ake sayarwa a Agege ko Idi-Araba, laifinsu sukarin da mai sayarwa ya zuba ne. Ana iya cewa a dama fura ba sukari, zoɓo kuma a dafa a gida da citta da kanumfari. Teburin mai shayi da dare shi ne babban tarko ga gwauraye da masu kwana a kasuwa: kofin shayi mai kauri da madara da sukari, burodin Agege da bota, sannan Indomie biyu da ƙwai. Ƙaramar leda ɗaya ta taliyar nan ta haura kalori 300 tun kafin a zuba mata mai. Wanda ba ya girki ba sai ya ƙaurace wa teburin ba. Ya ce a soya masa ƙwai biyu da albasa da tumatir da ɗan mai kaɗan, shayi ba sukari ko cokali ɗaya, burodi rabin abin da ya saba. Tsire da balangu ma ba su da laifi in an zaɓi jan nama, aka bar kitse, aka yawaita albasa da kabeji.

Kayan lambu a Legas ba su da wuyar samu. Kasuwar Mile 12 ta fi kantunan zamani araha ƙwarai, musamman in maƙwabta biyu ko uku sun haɗa kuɗi sun saya da yawa. Kabeji da karas da yalo da kuɓewa sun fi jure rashin wuta. Alayyafo da ugu da lalo kuwa a saye su kaɗan-kaɗan. Busasshen zogale da kuka da busasshiyar kuɓewa ba ruwansu da firji. Sai dai a kula da ƙuli-ƙulin kwaɗo da gyaɗar da ake ɗiba ana hira, domin giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550.

Masu kawo dafaffen abincin rage ƙiba har gida da tsarin wata-wata suna sauƙaƙa wa ma'aikacin ofis, amma akwai tsada, kuma ranar da aka daina biya hannu na komawa inda ya saba tunda ba a koyi awo ba. Mun fi ganin amfanin kuɗin a zama ɗaya ko biyu da ƙwararren masanin abinci na asibiti, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja. Ga mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon ƙoda, wannan ba zaɓi ba ne, wajibi ne. Azumin Litinin da Alhamis yana taimaka wa wanda bai rama da buɗa-baki ba, amma mai shan maganin sukari ko allurar insulin kada ya fara sai likita ya daidaita masa magani.

Motsa jiki shi ke riƙe abin da aka sauke kada ya dawo, ya kuma kare tsoka. Amma a san iyakarsa: tafiyar sauri ta minti 30 tana ƙona kalori kusan 150 ne, ƙasa da abin da ke cikin robar lemo ɗaya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Matsakaici na nufin kana iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba. Ɗan dako a Mile 12 ko Alaba Rago ya riga ya wuce wannan ma'auni, nasa gyaran a faranti yake. Ɗan canji da direba da mai tsaron shago da matar da ke yini a ɗaki ɗaya, su ne ke buƙatar ƙirƙirar motsi.

Tafiya a ƙasa ita ce ta fi kowanne araha da ɗorewa, kuma takalmi kawai take ci. A saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar tazarar faɗin babban yatsa a gaba. In na gwanjo ne, a kife shi a duba ko ƙasan ya cinye ta gefe guda, a lanƙwasa a ga ko roba ta fara tsagewa. Silifas na jawo ciwon diddige. Lokaci mafi daɗi shi ne bayan sallar asuba, kafin rana da hayaƙin motoci. A fara da minti 15, a ƙara biyar kowane mako. Harabar babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere na cika da masu motsa jiki da safiyar Asabar, gadar Lekki zuwa Ikoyi ma haka ga na kusa da ita. Wanda ke nesa ya sauka daga motar bas ta BRT tasha ɗaya kafin tasa ya ƙarasa da ƙafa. Matsalar tafiya ita ce damina, musamman Yuni da Yuli, lokacin da unguwanni ke cika da ruwa. Shi ya sa ake buƙatar abin yi a ɗaki.

A kayan gida, igiyar tsalle ta fi arha, amma mai nauyi sosai ko mai ciwon gwiwa ya bar ta tukuna. Robar motsa jiki da ake ja tana da kyau don ƙarfafa tsoka, sai dai zafi na busar da ita, a riƙa duba tsaga kafin a ja kada ta tsinke a fuska. Jarkar ruwa mai lita 5 kilo 5 ce cif, ta isa ɗagawa, a haɗa da tashi-zauna daga kujera sau 10 zuwa 12, zagaye uku. Keken motsa jiki na tsaye ba ya buƙatar wuta, ba ya dukan gwiwa, ba ya yin ƙara, kuma shi muka fi ba mata shawara in suna son sirri. Injin gudu mai lantarki ya fi kowanne jawo nadama. Yana son wuta tsayayya, ƙaramin janareta ba kasafai yake ɗaukarsa ba, danshin Legas na sa shi tsatsa, a bene kuma maƙwabcin ƙasa zai yi ƙorafi. Mai son na hannu ya duba abu uku: iyakar nauyin da aka rubuta a jikinsa ta fi nasa da tazara, bel ɗin ba ya zamewa in an hau an yi minti goma, sannan wutar da yake ci. Wanda aka shigo da shi daga Amurka yawanci na bolt 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. In aka jona shi ba tiransifomar rage wuta, nan take zai ƙone.

Gidan motsa jiki yana da riba ga mai son ɗaga ƙarfe da mai buƙatar koci. Nisa ke kashe shi. Wanda sai ka shiga gosulon awa guda kafin ka isa, ba za ka je ba bayan makon farko. A biya na wata ɗaya tukuna, a leƙa a daidai lokacin da za a riƙa zuwa don ganin cunkoso da iska da janareta, mata kuma su tambaya ko akwai sa'o'i ko ɓangaren mata zalla.

Shayin rage tumbi kuwa, mu ba ma ba da shawararsa ko kaɗan. Yawancinsu filasko ne ko wani abin sa gudawa da fitsari. Abin da ke sauka a sikeli ruwa ne, yana dawowa cikin kwana biyu, yawan sha kuma na rikita gishirin jini ya sa hanji ya kasa aiki sai da shi. An sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayan, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kada ya shiga bakinka, lambar ma ba shaidar yana narkar da kitse ba ce. Ɗamarar ciki da rigar leda ta gumi su ma ruwa suke fitarwa, a zafin Legas kuma suna iya kai mutum ga jiri da suma. Mai jego da ke shayarwa ta nisanci duk waɗannan, ta rage sukari da soye-soye, ta fara tafiya a hankali bayan an duba ta a asibiti.

Allurar semaglutide, wadda aka fi sani da sunan Ozempic ko Wegovy, daban take, domin tana aiki da gaske. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu amfani da ita sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a makonni 68. Amma da aka bi waɗanda suka daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo cikin shekara guda. Ga tsada duk wata, ga tashin zuciya da amai, ba ta halatta ga mai ciki ba, kuma kafin a fara amfani da ita dole ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ke da wuya a gidan da wuta ke yini ba ta zo ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a wasu ƙasashe. Ta mai ƙiba sosai ce ko mai ciwon sukari, da takardar likita, daga kantin magani mai rajista, ba daga hannun mai talla a Instagram ba.

In an yi wata biyu ana awo da tafiya amma tef da sikeli ba su motsa ba, a fara rubuta duk abin da aka ci da wanda aka sha na kwana bakwai, har da ɗanɗanon girki da abincin biki, a duba kuma ko barci na kai awa bakwai. In lissafin ya fita daidai, a je asibiti da duk magungunan da ake sha a hannu, domin irin su prednisolone da dexamethasone da wasu alluran tazarar haihuwa na ƙara nauyi, haka ma raunin aikin ƙwayar thyroid da ke wuya. Nauyin da ya hau cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko haki ba kitse ba ne, a kai shi gaban likita a ranar. Wanda ya haura shekara 40 bai saba motsi ba, ko yake jin ciwon ƙirji in ya hau bene, a gwada masa jini da sukari kafin ya fara gudu ko ɗaga ƙarfe.