Otal ɗin Dogon Agogo na Makka: wa ya kamata ya sauka a ciki, wa ya kamata ya riƙe kuɗinsa

Duk wanda ya je Makka daga 2010 zuwa yau, kai ko ma bai je ba ya dai kalli tarawihi a talabijin, ya san dogon ginin nan mai agogo da ke tsaye a kan Harami, wanda Larabawa ke kira Abraj Al Bait. Na sauka a cikinsa da muka je Umara da Hajiyarmu, a otal ɗin Fairmont da ke jikin hasumiyar agogon kanta, kuma tun daga farko bari in faɗi ra'ayina kada in wahalar da ku: in kana tafe da tsoho ko tsohuwa ko mara lafiya kuma Allah ya hore maka, wallahi ka biya, ba za ka yi da na sani ba. In kuwa kai matashi ne mai jini a jika ƙafarka ƙalau, riƙe kuɗinka ka nemi masauki a unguwar Misfala ko titin Ibrahim Khalil ka taka da ƙafa, abin da ya yi saura ka yi sadaka da shi ko ka biya wa wani kujera.

Da farko mutane da yawa sun ɗauka otal ɗaya ne, alhali ba haka ba ne. Dogayen benaye ne guda 7 a kan gindi ɗaya, na tsakiya shi ne mai agogon, sauran kuma an sa musu sunaye irin su Zamzam da Hajar da Safa da Marwa da Maƙam, kuma kowanne da kamfanin da ke gudanar da shi, akwai Pullman akwai Swissôtel akwai Mövenpick akwai Raffles akwai Rotana, ƙasansu duka kuma kasuwa ce hawa-hawa. Saboda haka in ejen ya ce maka "ai a Agogo za ka sauka" kada ka yi saurin murna, tambaye shi wane otal a ciki, don farashinsu da hidimarsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Hasumiyar tsakiyar tsawonta mita 601, lokacin da aka gama ta ba benen da ya fi ta tsawo a duniya sai Burj Khalifa na Dubai mai mita 828, daga baya ne Sin da Malesiya suka gina waɗanda suka wuce ta.

To amma abin da ya fi tsaya min a rai, wanda kuma yawancin masu kwana a ciki ba su ma sani ba, shi ne abin da ke wurin kafin a yi ginin. Dutse ne a wurin, ana ce masa Dutsen Bulbul, a kansa kuma akwai wata tsohuwar ganuwa ta soja mai suna Ajyad da aka gina a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya wajen ƙarshen ƙarni na 18, don tsare Makka da Ɗakin Allah daga mahara. Ta fi shekara 200 tana nan tana kallon Ka'aba, duk kakanninmu da suka taka da ƙafa daga ƙasar Hausa ta Chadi da Sudan suka tsallaka Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago kafin su iso, in sun ɗaga kai daga Harami ita suke gani, in ka duba tsofaffin hotunan Makka baƙi da fari za ka gan ta can sama a kan dutsen. A farkon 2002 hukumomin Saudiyya suka rushe ta, ba ita kaɗai ba har dutsen aka baje shi. Turkiyya ta yi fushi ƙwarai, ministan al'adunsu na lokacin har ya kwatanta abin da rusa gumakan Bamiyan da Taliban suka yi a Afganistan, Saudiyya kuma ta ce ƙasarta ce, ganuwar ba wuri mai tsarki ba ce, alhazai na ƙaruwa kowace shekara dole a sama musu wurin kwana.

Ni dai gaskiya duk ɓangarorin biyu na fahimce su amma zuciyata tana tare da masu jin zafin rushewar. Gaskiya ne ba ibada ake yi a ganuwar ba, gaskiya ne kuma mutanen da ke zuwa yanzu miliyoyi ne ba irin na da ba, amma gari irin Makka a ce ka zaga ka zaga da ƙyar ka ga ginin da ya kai shekara ɗari, abin da ciwo, yaranmu za su taso su ɗauka Makka da ma can gilashi ce da marmara.

Kamfanin Saudi Binladin ne ya yi kwangilar ginin, aiki ya ɗauki shekaru, har gobara ta tashi sau biyu ana cikin yi, a 2008 da 2009. Agogon an fara gwada shi a azumin 2010, aka kammala ginin gaba ɗaya a 2012. Fuska huɗu gare shi, kowace faɗinta mita 43, ka kwatanta da Big Ben na Landan da ake ta yayatawa wanda bai wuce mita 7 ba, injinsa kuma wani kamfanin Jamus ne ya ƙera. A tsakiyar fuskar akwai tambarin Saudiyya na dabino da takubba, a sama an rubuta Allahu Akbar da kalmar shahada, can ƙololuwa kuma jinjirin wata ne mai ruwan zinare. Da dare kore yake haskawa, ana hango shi daga nesa sosai tun kana cikin mota kafin ka shigo gari, kuma wannan yana da amfanin da ban zata ba, don duk alhajin da ya ɓace a lungunan Makka in ya ɗaga kai ya ga agogo ya san inda Harami yake. Lokacinsu yana gaban namu na Najeriya da Nijar da awa 2, a kula da wannan wajen kiran gida. Abu ɗaya da ya ɗan sanyaya min rai game da tsadar wurin shi ne ginin wakafi ne, na Sarki Abdul'aziz, abin da ake samu an ce don hidimar Masallatai biyu masu alfarma ne.

Yanzu batun zama a ciki. Hajiyarmu tana fama da ciwon gwiwa, tafiya kaɗan sai ta nemi wurin zama, kuma duk wanda ya taɓa sauka a unguwanni masu nisa da Harami irin su Kudai ko Aziziyya ya san yadda ake kokawar shiga bas bayan sallar isha'i, ga rana ga turereniya, tsofaffi da yawa ƙarshe haƙura suke yi su riƙa salla a masauki, su zo Makka amma Harami sai jefi-jefi. A nan kuwa kana saukowa daga lifta ka ratsa kasuwa ka fito ƙofa, kana kan farfajiyar Harami, Ƙofar Sarki Abdul'aziz na kallonka. Na tura ta a keken guragu ba tudu ba gangare ba tsallaka titi, salloli biyar duka a cikin jam'i, ta yi ɗawafi ta dawo ta kwanta ta huta ta sake fita. Ranar da ta ce min "ɗan nan Allah ya yi maka albarka, ban taɓa zaton zan samu asuba a Harami kullum ba" na san kuɗin nan bai tafi a banza ba. Wannan kusancin shi ne ainihin abin da kake saya, duk sauran ƙyale-ƙyalen bayansa suke.

Ɗakin kansa ba laifi ko kaɗan, tsaf-tsaf, gado mai laushi, esi na aiki dare da rana har sai ka rage, ruwan zafi ba yankewa, ga darduma da Alƙur'ani da alamar alƙibla, masu gyaran ɗaki kuma suna da ladabi. Amma a nan ne nake so ku buɗe kunne, ɗakunan kashi-kashi ne, akwai mai kallon Ka'aba, akwai mai kallon Harami wato ka ga masallacin da hasumiyoyinsa amma ba lallai ka ga Ɗakin ba, akwai kuma mai kallon gari wanda duwatsu da benaye kawai za ka gani, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Wani ejen a nan gida ya so ya yi mana wasa da wannan, ya karɓi kuɗin mai kallon Ka'aba a takarda kuma ya rubuta wani abu daban, Allah ya sa na sa an karanta min takardar kafin mu tashi aka gyara. Don Allah duk wanda zai biya ya ce a turo masa takardar otal ɗin da sunansa da irin ɗakin a rubuce, kada ya yarda da maganar baka.

Ganin Ka'aba daga taga kuwa, ba zan ɓoye muku ba, abu ne mai ratsa jiki, musamman tsakar dare ka ga masu ɗawafi farare fat suna juyawa ba tsayawa. Sai dai akwai tarko a ciki. An haɗa ɗakunan da lasifikar Harami, kiran salla da karatun liman na shigo maka har gado, akwai kuma manyan wuraren salla a cikin benen masu kallon masallaci da ake bin liman daga nan, to sai ka ga lafiyayyen mutum ya biyo jirgi tun daga Kano ya kashe miliyoyi amma saboda sanyin esi da ganin komai ta gilashi ya kasa saukowa. Malamai sun yi saɓani kan bin liman daga irin waɗannan wurare in sahu bai haɗu ba, kowa ya tambayi malaminsa, amma ni a ganina ko da ya halatta, wanda Allah ya ba lafiya ya sauka ya sa goshinsa a Harami cikin jama'a, ya bar na saman nan ga masu uzuri.

Sai batun lifta, wanda ba laifin kowa ba ne illa yawan mutane, dubban jama'a ne ke son sauka a minti ɗaya da zarar an kira salla, kuma yawanci sai ka canja lifta kafin ka kai ƙasa. In ka jira sai an yi kira to ka makara, askarawa kuma suna rufe hanyar shiga in ciki ya cika, sai dai ka yi a farfajiya. Mu abin da muka riƙa yi shi ne fita da alwala tun da sauran lokaci sosai, ranar Juma'a kuwa tun da hantsi, bayan an idar kuma mu zauna mu yi lazimi har cunkoso ya lafa. Hanyoyin cikin kasuwar ma suna da ruɗani a kwanakin farko, kowane lungu kama da ɗan'uwansa, ka sa tsohonka ya riƙe katin otal a aljihu ko a rataye a wuya.

Abinci akwai shi har ya yi yawa, karin kumallo irin na ɗiba da kanka ne, na Larabawa da na Indiya da na Turawa da na 'yan Indonesiya, amma Hajiya bayan an kwana biyu sai ta fara cewa ita fa tuwo take so, kuma babu shi a nan. Sai da na gangara wajen Misfala inda matan Takaru 'yan'uwanmu ke sayar da tuwon shinkafa da miyar kuka na yo mata a leda, ranar ta ci ta ƙoshi. Kasuwar ƙasa kuwa akwai komai, dabino, turare, zinare, jallabiya, kantin magani, wurin canji, amma kayan tsaraba a nan tsada ne, in za ka yi wa dangi sayayya mai yawa fita waje ka yi ciniki.

Abin da har yau ban gama sasantawa da shi ba shi ne yadda ginin ya danne wurin. Kana cikin ɗawafi ka ɗaga kai don addu'a, maimakon sama sai idonka ya faɗa kan agogo, Ɗakin Allah da ya kamata ya zama shi ne mafi girma a idon mai zuwa ya koma ƙarami a gindin bene. Wani dattijo ɗan Damagaram da muka zauna sahu ɗaya ya kalle shi ya girgiza kai ya tuna mana hadisin nan na alamomin tashin ƙiyama da ya yi maganar makiyaya matalauta suna gasar dogayen gine-gine, ban ce masa komai ba don ni kaina a cikin benen nake kwana. Kuma akwai wani abu da ke damuna, Hajji da Umara wuri ne da sarki da talaka ke sa mayafi iri ɗaya, amma yanzu kusanci da Harami ya zama na mai kuɗi, talaka an tura shi can bayan gari yana jiran bas, tsofaffin unguwannin da masu ƙaramin ƙarfi ke sauka kusa an rushe su.

In ka samu dama ka hau gidan tarihin da aka buɗe a 2019 a hawa huɗu na can sama kusa da agogon, ba sai kana kwana a otal ɗin ba, tikiti kawai za ka yanka. Bayani ne kan rana da wata da taurari da yadda magabata suke auna lokaci, akwai kuma baranda da za ka hango Harami da duwatsun Makka gaba ɗaya, yara za su ji daɗinsa sosai, mai jin jiri dai ya yi hankali.

Kuɗi kuwa ya danganta da lokaci, goman ƙarshe na azumi da kwanakin Hajji farashin ninkuwa yake yi har ka riƙe baki, ga riyal ta yi wa naira nisa, bayan Hajji kuwa da watannin zafi yana saukowa sosai, mu a irin wannan lokacin muka je. Dabarar da wasu ke yi kuma na ga tana da kyau ita ce a haɗu mutum uku ko huɗu 'yan gida ɗaya a kama ɗaki mai gadaje da yawa, a zaɓi mai kallon gari don ya fi sauƙi, tunda ƙofar fita zuwa Harami ɗaya ce da ta mai kallon Ka'aba, kuma a kama ɗakin tun da watanni kafin tafiya, a ce musu ana tare da mai keken guragu don su ba da ɗaki kusa da lifta.