Reshe ya soka min a tukunya ya ce fulawa ce

Tun watan Disamba nake son rubuta wannan abu amma na bari sai da na ɗan huce, don da a ranar na rubuta wallahi ba zai karantu ba.

Muna wajen Rijiyar Zaki ne a Kano, gidan akwai ɗan fili ta baya kusa da tanki, shekara 3 ba komai a wurin sai tsohuwar taya da igiyar shanya. Da sanyi ya fara shigowa maƙociyata take ce min ai yanzu ne lokacin latas da tumatir, ta haɗa ni da wani mai fulawa cikin waɗannan da suke jera tukwane a bakin titi. Ba zan faɗi wajen ba, masu bin hanyar sun san su. Muka yi ciniki zai gyara min bayan gida ya raba shi gida 4 irin na 'yan lambu, ya kawo fulawa tukunya 8 na ƙofar falo, sannan ya dinga zuwa sau 2 a sati yana dubawa. Kuɗin kuwa kun dai san yadda suke tsuga wa mutum da sun ga ya sauko daga mota.

Ranar da ya kawo su kam sai wanda ya gani. Jajayen fure, ganye shar, har hoto na ɗauka na tura gurup ɗin gidanmu ana ta Masha Allah. Kwana 5 ba a yi ba ganyen ya fara lanƙwashewa, furen yana zuba. Na kira shi yace Hajiya sanyi ne, fulawa haka take da hunturu, barci take yi. Ni kuma na yarda, don ai ina gani kuka ma tsirara take zama a wannan lokacin. Sai na ƙara ruwa. Lokacin injin jan ruwanmu ya lalace, a wajen 'yan garuwa nake saye, jarka 2 kullum na fulawa kaɗai, har maigidan ya fara tambaya wai wanki nake karɓa a unguwa.

Sai wani dare iskar nan ta hunturu ta taso, irin mai shigowa ta ƙasan ƙofa ka wayi gari ko'ina fari fat da ƙura. Da asuba na fito na tarar tukunya 2 sun kife. Na sunkuya zan gyara, ina ɗaga fulawar sai kawai ta biyo hannuna salin alin. Jama'a reshe ne. Reshe ne aka yanka da wuƙa a karkace aka soka a ƙasa, ko zaren saiwa ɗaya babu, gindin ma ya yi baƙi ya fara ruɓewa yana wari saboda ruwan da nake ta ɗura masa. Na tsaya riƙe da shi a tsakar gida da zanin sanyi a kafaɗa kamar wadda aka aika. Sai na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina ja a hankali. Cikin 8 ɗin nan guda 5 duk haka suke, 3 ne kawai suka riƙe ƙasa.

Kar wani yace min ai dama da reshe ake dasa fulawa, na sani. Mahaifiyata haka take dasa zogale da cediya, amma da damina take yi, kuma shi mai sana'a in ya yanka reshe ajiyewa yake a inuwa makonni har ya yi saiwa ya fito da sabon tofo kafin ya sayar, ba ya yanko da furensa yau ya kai gidan mutane gobe ba. Balle da hunturu da iska ke busar da komai, leɓen mutum ma tsagewa yake ballantana ganye, iskar tana zuƙe ruwan ganyen ta sama kuma babu saiwar da za ta jawo wani ta ƙasa. Ko teku na juye musu ba za su yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, ya san haka sarai yana kallona ina sayen ruwa.

Da ya zo na jera masa su a kan siminti nace Malam wannan fa? Ko a jikinsa. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya yace ai Hajiya da kin bar su da sun yi saiwa, ke kika tumɓuke, shuka sai da haƙuri. Wato ma laifina ne. Maigidan yana daga ƙofa yana dariya wai na sayi asuwaki mai fure, har yau in zai tsokane ni sai yace ina asuwakinki.

A ranar na yi niyyar sallamarsa, abin da ya hana ni bayan gida ne, don tsakani da Allah a nan ya yi aiki. Yace a wajen Kura ya taso, inda ake noman rani da ruwan dam ɗin Tiga, kuma hannunsa ya nuna hakan. Ya cakuɗa ƙasar da yashi da tsohon taki wanda ya riga ya ruɓe, yace ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake kar in yarda yara su zuba. Ya rufe saman da buntun shinkafa don kar iska ta busar da laimar, yace in ba da ruwa da sassafe a gindi ba a kan ganye ba. Da ƙadangaru suka fara cinye 'yan tsiron latas ɗin ya ce in kawo tsohon gidan sauro, ya kafa kara 4 ya lulluɓe, shikenan aka huta. Da wasu ƙananan fararen ƙwari suka taru a bayan ganyen tumatir ya jiƙa ganyen darbejiya ya sa ɗan sabulu ya fesa, sun ragu sosai. Wajen sati 6 muka fara cin latas, ga na'a-na'a ta cika wuri har ina rabawa maƙwabta na shayi. Tumatir ɗin dai gaskiya in aka yi lissafi asara ce, daidai lokacin da nawa ya nuna shi ne lokacin da na manoman Kadawa ya cika kasuwar 'Yankaba yana araha, amma daɗin mutum ya fita bayan gidansa ya tsinko ya yanka a kwaɗo daban ne. Shi ne ma ya ce in dinga goge ganyen shukokin cikin falo da jiƙaƙƙen tsumma duk sati saboda ƙura tana toshe su, aloe vera kuma in daina ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Har na fara cewa a raina to kowa da inda Allah ya ba shi, wataƙila fulawar ce ba fanninsa ba, har na ba wa ƙanwata lambarsa.

Ashe da sauran kallo. Ƙarshen wata ya zo karɓar kuɗinsa sai ga lissafi ya ƙaru, nace na meye, yace kuɗin fulawa 5 da zai canzo min ne, sai na bayar zai je ya ɗauko. Wai ni zan sake biya. Nan take abin ya dawo min sabo, na tuna jarkokin ruwan nan da hoton da na tura gurup, har yayata ta zo ganin fulawa ta tarar da tukwane wayam tana tambaya ko akuya ce ta shigo. Nace Malam ko sisi ba zan ƙara ba, in ka ga dama ka kawo, in ba ka kawo ba na bar ka da Allah. Yace to sai damina, wai yanzu ba lokacin dashe ba ne. Yanzu ya san ba lokacin dashe ba ne. Na kira ƙanwata nace in za ta sa shi aikin kayan miya ta sa, amma duk abin da ya kawo a leda ta farka gindin ledar a gabansa ta ga farar saiwa da idonta kafin ta miƙa kuɗi.

Har yanzu yana zuwa, don ni ban iya fesa darbejiyar nan ba kuma latas ɗin yana da sauran kwana kafin zafin Maris ya sa shi ɗaci. Muna gaisawa sama sama. Tukwane 5 ɗin kuma na kwashe su na kai baya na watsa irin alayyahu a ciki.