Gargaɗi ga makaɗan Yamai: hattara da mai "wankin fiyano"

Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa, masu sitidiyo, da masu kula da kayan kiɗa na majami'u da makarantu. Tun shigowar hunturu akwai wani mutum da ke yawo a Yamai da jakar goyo, yana cewa sana'arsa wanke fiyano da gita da kayan busa. Ɗan damfara ne. Ya kashe wa ƙanena fiyanon da yake ci da iyalinsa da shi, kuma na ji irin wannan labarin daga unguwannin Bukoki da Talaje da Harobanda.

Ya iya baki, ga ladabi kamar gaske. Sai ya shafa yatsa a kan fiyanonka ya nuna maka ƙura, ya ce ita ce ke cinye na'urar daga ciki. Wa zai musa masa a wannan lokaci, da ko ɗaki a rufe yake sai ka share sau biyu? Daga nan ya buɗe WhatsApp ya nuna hotunan kayan da wai ya gyara, ya fito da kwalba marar takarda ya ce magani ne daga Faransa. Jaka 15 aiki, rabi kafin alƙalami.

Na shaƙi abin da ya rage a tsumman da ya bari. Warin kananzir ne, haɗe da man nan da ake fesa wa gaban mota don ya yi ƙyalli. Ranar farko fiyanon yana sheƙi, har ƙanena ya ƙara masa na goro. Kafin mako ya zagayo maɓallai sun fara mannewa, rubutun da ke jikin fiyanon ya goge, wasu maɓallan kuma ka danna shiru. A fiyanon lantarki, ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba da ke taɓa allon wuta. Shi kuwa feshi yake yi kai tsaye, ruwan ya bi ta tsakanin maɓallai ya sauka can, ƙura ta zo ta daskare a kai. Kamfanoni irin su Yamaha sun rubuta a littafin na'urorinsu cewa kada a goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, ko makamancinta.

Fiyanon katako ya fi ban tausayi, don ba su da yawa a garin nan, masu gyaransu ma sai an tona. Maɓalli 88 gare shi, farare 52 baƙaƙe 36, da tsirkiya sama da 200 waɗanda jansu gaba ɗaya ya kusa tan 20. Kowace tsirkiya an naɗe ta a ƙusar ƙarfe, ƙusar kuma ba abin da ke riƙe ta sai matsewar katako. Mai ya shiga wurin, ƙusa ta fara sulɓewa, ko an saita muryar ba ta zama. Silikon ɗin da ke cikin man ƙyalli ba ya fita daga katako in ya shiga. Wannan ɓarna ce da jaka 15 ko 150 ba ta gyarawa. Haka kakakin bature, hodar goge ƙarfe mai kaushi tana kankare masa rufin da ke hana shi dusashewa. Kalangu da gurmi da molo kuwa, duk wanda ya taso gidan kiɗa ya san ba a kai wa fatarsu irin wannan mai.

Dabararsa ta biyu ta fi muni. In ya ga kaya mai tsada sai ya ce wankin ciki yake so, dole a kai shagonsa, gobe da la'asar a dawo da shi. Wani ya samu nasa amma an musanya masa cajar asali da ta bogi. Wani har yau yana kira, layin a kashe. Shagon da yake kwatantawa babu shi, ƙanena ya je ya tarar da mai sayar da gawayi a wurin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin da yake karɓar kuɗi a kansa yaron gida ma zai yi. Ka cire wuta, ka sami tsumma mai laushi busasshe, ko ka ɗan jiƙa shi ka matse sosai. Ka goge maɓallai daga ciki zuwa waje, kada ka bi ta gefe ka tura datti cikin tsagar, sannan ka bi da busasshe. Tsirkiyar gita a share ta bayan kowane wasa saboda gumi. In an gama a lulluɓe da zane, a nisanta shi da taga da rana. Abin da ya wuce wannan na magyari ne, kuma magyarin kirki a gabanka yake buɗe kaya. In ba ka san kowa ba, ka je cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya ka tambayi malaman wurin wa suke ba nasu.

Don Allah kada kowa ya bari kayansa su fita daga gida. Yau ɗin nan ku juya fiyanonku ku ɗauki hoton lambar da ke ƙasa ko bayansa, da ita ake gane kayan sata. Wanda ya zo da wannan magana, a nemi katin shaidarsa, a hana shi fesa komai. Waɗanda ya riga ya cuta kuma ku adana saƙonninsa da takardar tura kuɗi. Mu mun kai tamu ƙarar komisariya, ku ma ku kai taku, kuma ku isar da wannan ga makaɗan Tawa da Maradi da Damagaram kafin ya sauya gari.