Ajin koyon zane a Balad, Jidda

Jama'a wata biyu kenan ina zuwa wani ɗan ajin koyon zane a Balad, tsohon garin Jidda da hukumar UNESCO ta saka a jerinta na wuraren tarihi na duniya tun 2014, kuma gaskiya ban yi asarar riyal ɗina ba. Malamin baya barin ka taɓa kala da wuri, fensir ne kawai, HB na jan layi, 2B da 6B na inuwa, sati uku muna zana kofi da kwalba har na fara ƙosawa wallahi, ashe hannu yake gyara mana. Ranar da ya fitar damu gaban Bait Nassif, wani tsohon gidan tarihi a Balad, muka zana tagogin katakon nan da suke cewa rawashin, nan na san layina ya miƙe.

Matsala ɗaya, ɗakin ƙarami ne kuma esi ɗin baya sanyi. Takarda da fensir kuma kai zaka siyo, ni a Jarir, kantin littattafai da kayan rubutu, na samu nawa.

Bayan isha'i ake tashi, sai mu gangara mu ci mutabbak, wata soyayyar fulawa mai haɗi a ciki, da shayi mai na'ana'a, ni dai rabin abinda ke kaini kenan.