Daga ina za a fara Trails, Sky ko Cold Steel?

Masu buga wasannin bidiyo na Trails na kamfanin Falcom na Japan sun daɗe suna gardama kan inda ya kamata sabon shiga ya fara.

Wasu sun ce a bi yadda aka fitar da su, a fara da Trails in the Sky na 2004, labarin Estelle da Joshua a masarautar Liberl. Tafiyar hawainiya yake yi, zanensa ma na da ne, sai mai haƙuri. Amma a nan aka fara nuna ƙungiyar asiri ta Ouroboros, wadda makircinta ya ratsa sauran wasannin.

Wasu kuwa sun fi son Cold Steel na 2013, inda Rean yake makarantar soja a daular Erebonia. Ya fi saurin kama mutum, babu musu. Sai dai kashi na biyu zai tona maka abin da ya faru a birnin Crossbell tun ba ka taɓa Trails to Azure, wasan da ya ba da wannan labarin, ba. A na uku Tita da Agate, waɗanda suka fara fitowa a Sky, za su bayyana, ana ta murna, kai ba ka san su ba.

Ni dai Sky nake ba da shawara, balle yanzu da aka sabunta shi a 2025.